Insha'in da na rubuta a kan baƙon kakata

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ina aji biyu na sakandare a Birnin Kebbi, muna cikin jihar Sakkwato. Ni yarinya ce marar magana, ko sunana aka kira a aji sai gabana ya faɗi. Amma idona ba ya barin komai ya wuce, kuma abin da bakina ya kasa faɗa nakan rubuta shi.

Akwai wani mutum da muke kira Kawu. Ba jininmu ba ne, kakata ta Argungu ce ta shayar da shi da mahaifiyarsa ta rasu. Ɗan babban gida ne, kakanninsa hakimai. Ya yi malanta, ya ci zaɓen majalisar jiha, ya zama kwamishina. Da sojoji suka karɓe mulki suka ce 'yan siyasa su kai kansu wurin 'yan sanda, sai ya ɓace. A hutun makaranta da ya biyo baya aka kai ni Argungu, na tarar da shi a ɗakin da kakata ke ajiye shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, da tarun marigayi kakana, sanye da riga irin ta masunta. Ni ke kai masa fura. Kakata ta ce baƙo ne marar lafiya, kada in faɗa wa kowa. Ba ta gaya mini dalili ba.

Da muka koma makaranta, malamar Hausa ta ce mu rubuta insha'i kan yadda muka yi hutu. A wautata, rubutu ba faɗa ba ne, tunda ban sa suna ba. Na rubuta baƙon kakata mai ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe, mai juya fuskar agogonsa cikin hannu, wanda kan ƙwanƙwasa gilashin sau biyu kafin ya yi magana. Ban san duk wanda ya taɓa zuwa taron siyasa a garin nan ya san wannan ɗabi'a ba. Malama ta yaba, ta karanta a gaban aji, ta liƙa a allon sanarwa. Da aka tashi tara, wata 'yar ajinmu da ke zaune a barikin 'yan sanda ta tambaye ni a wace unguwa kakata take. A nan ne na gane abin da na yi.

Kwana tara ina ɗauke da wannan. Kullum na wuce allon sai in ga takardar, kusurwarta ɗaya ta ɓalle tana kaɗawa, ba ni da ƙarfin halin cire ta. Na daina cin abinci. Ko ƙarar mota na ji a ƙofar gida sai in leƙa. Sau uku ina tsayawa bayan Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe, in buɗe baki, tsoron duka ya rufe shi. Da na faɗa, da an tsallakar da Kawu iyaka da sauran lokaci. A rana ta goma, da hantsi, motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar kakata. Suka tafi da shi, ita kuma suka zaunar da ita a rana suna tambayoyi har la'asar. Ba ta sake lafiya ba.

Shekara biyu yana tsare. Ya fito da furfura, bai koma siyasa ba. Da ya zo gaida Inna, na durƙusa na miƙa masa kwanon ruwa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ɗiyata, an ce kin iya rubutu. Allah shi yi albarka." Har ya rasu ban san ko ya sani ba, ban kuma tambaya ba.

Iyaye, idan kun ba yaro amanar sirri, ku gaya masa abin da zai faru in ya fita. Ku kuma 'yan mata, in kun yi kuskure ku faɗa a ranar. Rubutun nan na yi shi ne cikin rashin sani, amma shirun kwana tara ina sane na yi shi, kuma shi nake neman gafara a kai har yau.