Yadda Lado Ya Rabu da Baƙin Kekensa

Idan ka shiga Unguwar Gai ka ce kana neman Lado manomin gyaɗa, sai an yi ta kallon juna, don Lado uku ne a garin kuma duk gyaɗar suke nomawa. Amma ka ce Lado mai rabon goro, ko makaho zai nuna maka ƙofar gidansa. Duk mai ɗaurin aure ko suna, daga Kibiya har Zinyau, shi ake kira a zube masa goron gayyata a jero masa sunaye. Bai san bihim a boko ba, amma bai taɓa tsallake gida ko ɗaya ba. Shekara talatin yana wannan aiki, babu wanda ya taɓa tashi a taro ya ce, "Ni ba a gaya mini ba."

Abin da ya tsare masa wannan mutunci baƙin kekensa ne. Ya saye shi bayan babban farin nan da ya kashe shanu, a hannun wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki. Ƙirar Ingila ne, mai sanda biyu, birkinsa ƙarfe zalla, nauyinsa kuwa in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi sati kana ɗingishi. A kansa ya ɗauko Jumai matarsa ya kai ta asibitin Rano ranar da haihuwar fari ta zo mata da gardama. A kansa ya yi ta jigilar buhunan gyaɗa har ya rufa ɗakinsa da kwano. Kowace safiya sai ya goge shi da tsumma kafin ya wanke nasa idon.

Mutum ɗaya ne tak yake sa wa keken nan hannu, wato Ishiyaku mai gyaran keke, wanda rumfarsa ke bakin tashar Rano. Ɗan gwaggon Lado ne, ka ga taubashinsa ke nan, abokin wasa na jini. Kowa ya san yadda abin yake: taubashi zai zage ka a tsakiyar kasuwa, ya tuɓe maka hula ya sa a kansa, ya shiga gidanka ya kama zakara ya fita, kuma in ka ɓata rai kai ne mutumin banza. Haka suka tashi tun suna yawo ba wando. Lado na ce masa bawa, shi kuma yana ce wa Lado tsohon jaki.

To, ƙarfe ma yana gajiya. Bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano da 'yan shekaru, lokacin da hotunan 'yan takara suka rufe bangon kowace rumfa, keken ya fara kuka. Sarƙa na zamewa a kan tudu, sirdi ya tsage, ƙafar baya tana rawa kamar ta sha wani abu. Ga kuma sababbin kekuna sun cika kasuwa, ja da kore da shuɗi, sai ƙyalli suke yi.

Jumai ta ce, "Malam, ka sayar da ragon nan ka sayi sabo mana. Kai ma ka huta, kunnuwanmu ma su huta."

Lado ya ce, "A'a, gyara dai. Sarƙa sabuwa, sirdi sabo, a canja ƙafar baya, shi ke nan ya koma ango."

Washegari kuma sai ya ga ɗan maƙwabcinsa ya wuce fiii a kan sabo, ya ji zuciyarsa ta karkata. Jibi ya dubi baƙin nan a jingine a zaure ya ji kunyar abin da ya raya. Damina guda cur ya yi yana wannan saƙa da warwara. Da aka yi girbi ya ce bari ya kai wa mai sana'ar, abin da Ishiyaku ya ce shi za a yi.

Ya isa rumfar da hantsi. Ishiyaku na hango shi ya ɗaga murya, "Jama'a ku matsa, ga tsohon jaki ya hau ɗan'uwansa!"

Lado ya ce, "Tashi ka karɓi ubangidanka, bawan banza. Duba mini shi da kyau, gyara zan yi ko sabo zan saya?"

Ishiyaku ya kifa keken, ya juya ƙafafun, ya ɗauki sifana yana ƙwanƙwasa sandunan yana kara kunne. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa ɗif. Ya ajiye sifanar, ya jawo Lado gefe, ya sassauta murya.

"Lado, a ajiye wasa. Wallahi tsatsa ta cinye ƙarfen nan ta ciki, fenti ne kawai ya riƙe shi. Ko zinariya ka ɗaura masa aikin banza ne. Ranar da ya tsinke da kai a gangaren duwatsun nan, me zan ce wa Jumai? Da wane ido zan kalli 'ya'yanka?"

Kai jama'a! Tun da Lado yake bai taɓa jin Ishiyaku ya kira sunansa ba tare da zagi ba. Ya ji tausayin keken, ya kuma ji daɗi har cikin ransa cewa yana da ɗan'uwa mai tsoron mutuwarsa haka. Bai nemi ya ga tsatsar ba, bai kai wa wani mai gyara ya duba ba. Ina! A ce an ga keken Lado a wata rumfa bayan ɗan gwaggonsa ya rantse masa? Ai abin kunya ne a dangi.

Ya ce, "To, na haƙura. Ka riƙe shi, ka cire abin da zai amfane ka, ka zubar da saura."

Ishiyaku ya ce, "A'a, ka faɗi abin da zan ba ka."

"Ciniki ni da kai? Allah ya kiyaye. Na ba ka, duniya da lahira."

A gaban mutane ya faɗa. Ya shafa sirdin sau ɗaya, ya juya da sauri don kada a ga idonsa.

Rago ya tafi, jan keke ya zo. Sati biyun farko Lado har waƙa yake yi a kansa. Daga nan fa aka shiga uku. Hanyar Unguwar Gai ba ta san ƙyalli ba, tsakuwa ce da rami. Wayoyin ƙafa suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, mazaunin kaya ya lanƙwashe da rabin buhu, birki ya zama sai addu'a. Rannan yana rabon goron auren 'yar wani Alhaji, ƙafar gaba ta nannaɗe a wajen Zinyau. Ya saɓo keken a kafaɗa, rana ta faɗi saura gida uku bai kai musu goro ba. Ɗaya daga cikin ukun nan gidan kawun amarya ne. Kawu ya ƙi zuwa ɗaurin aure, aka yi ta ban baki, sunan Lado ya zaga gari. Daga ranar masu biki suka fara cewa gara su buga waya ko su ba ɗan acaɓa. Lado ya shanye wannan duka, yana cewa ai gara asarar sana'a da asarar rai.

Sai wata ranar kasuwar Kibiya. Yana tsaye wajen masu kanwa sai ya ji ƙararrawar keke a bayansa, ya gane ta tun bai waiwaya ba. Da ya juya, ga shi nan. Baƙin kekensa, sabuwar sarƙa, sabon sirdi, an ɗora masa buhu biyu na dusa da dutsen gishirin shanu, yana tsaye ƙyam ko gezau. Wani Bafulatani dogo ne riƙe da shi, Manu, makiyayi daga wajen Rurum.

Lado ya yi sallama. "Malam, ina ka samo wannan keke?"

Manu ya washe baki. "A Rano, Baffa, wajen Ishiyaku mai gyara. Sai da na rabu da ɗan maraƙi kafin ya sakar mini. Ya rantse mini irin ƙarfen nan an daina yin sa, ko ɗigon tsatsa babu, har jikokina za su hau. Kuma ka ga gaskiya ya faɗa, wata biyar ina loda masa kaya bai ce uffan ba."

Lado ya sa hannu ya ƙwanƙwasa sandar da ɗan yatsa. Ta amsa garau.

Bai san yadda ya kai Rano ba. Ya tarar da rumfar cike, ana hirar zaɓe, har da Malam Alu, dattijon da ke sayar da tabarmi a gefe, wanda ya san iyayensu duka biyu. Lado ya tsaya a tsakiya, ko sallama bai yi ba.

"Ishiyaku, na ga kekena a Kibiya."

Ishiyaku ya ajiye sifana. Ya dubi Lado, ya dubi mutane, sai ya fashe da dariya har da buga cinya. "Wayyo cikina! Jama'a, sai yau tsohon jaki ya farka! Wata biyar ina jira! Na ci ka, Lado, na ci ka wallahi!"

Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Wani ya ce wannan taubashi ya iya wasa, wani ya ce a ba shi hannu. Lado ya ce, "Ai cewa ka yi a ajiye wasa. Ka rantse. Ka kira mini sunan Jumai."

Ba wanda ya ji shi sai Malam Alu, shi ma cewa ya yi, "Haba Lado, kai da girmanka? Ɗan gwaggonka ne fa. Ba a fushi da wasan taubashi, kada ka ba mu kunya."

Abin da ya ƙona masa rai ke nan. Da Ishiyaku ya zo gidansa da rana tsaka ya hau keken ya gudu yana masa gwalo, wallahi da dariya zai yi, ya bi shi da zagi, a sasanta a kan zakara. Amma mutumin nan sai da ya tuɓe rigar wasa ya ajiye, ya cuce shi da fuskar 'yan'uwantaka, yanzu da asiri ya tonu ya rarumo rigar ya mayar. Wani matashi ya raɗa masa cewa yanzu fa akwai shari'a, ya kai ƙara. Ya kai ƙara ya ce me? Da bakinsa ya ce ya bayar duniya da lahira, ga shaidu nan zaune suna dariya. Idanu duk suna kansa ana jira. Lado ya buɗe baki ya yi dariyar da ake nema, ya juya ya fita.

Bai sake maganar keken da kowa ba, ko da Jumai. Jan yana nan a bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Inda ƙafa za ta kai shi yana kai goro, in an ba shi.

Bayan wata biyu aka yi suna a dangi, kowa ya hallara a ƙofar gida. Ishiyaku ya iso da fara'arsa, ya hango Lado a kan tabarma, ya daka masa tsawa yadda ya saba, "Kai tsohon jaki, da ƙafa ka zo ko a kan jela?" Mutane suka gyara zama, ana jiran Lado ya rama.

Lado ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa, ya miƙa hannu biyu, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

"Barka da zuwa, Malam Ishiyaku. An zo lafiya? Ya iyali, ya sana'a?"

Shekara sittin, ba a taɓa jin kalmar Malam ta shiga tsakaninsu ba. Ishiyaku ya yi yaƙe, ya ce, "Kai, bar wannan mana. Zage ni, Lado. Don Allah ka zage ni."

Lado ya matsa masa wuri a kan tabarma, ya ce, "Bismilla, Malam, zauna. Bari a kawo maka ruwa."