Kafaɗar Kawu Tsaf

Kawu Tsaf yayan mahaifiyata ne, kuma ba a banza aka laƙaba masa wannan suna ba. Wanki da guga yake yi tun yana saurayi. Shagonsa ƙarami ne, amma ko ƙuda ya shiga sai ya ji kunya. Teburin gugarsa kuwa, ko matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta isa ta ɗora jaka a kai ba.

Dutsen guga na gawayi ne ya cinye masa kafaɗar dama. Tun yana cewa gajiya ce, har ta kai ba ya iya zura hannu a riga. Likita ya duba hoto ya ce gaɓar ta sule, ƙashi na gugar ƙashi, sai dai a cire ta a saka ta ƙarfe. Aka yi aiki lafiya, aka sallamo shi da hannu rataye a ƙirji, aka ja masa kunne kada ya ɗaga shi, kada ruwa ya taɓa ɗinkin.

Ciwon bai dame shi ba kamar hammatarsa. Hannu manne da jiki, ga zafi, ga gumi. Wata rana da hantsi ya yamutsa fuska ya ce, "Ke, wa ya bar jiƙaƙƙen tsumma a ɗakin nan?"

Inna ta ce, "Malam, tsumman nan kai ne."

Ta sa ya sunkuya, hannun ya yi lilo, ta zura tawul ta goge masa. Shi kuwa ya juya fuska bango yana jan tsaki. Abinci ma ya koma masa azaba: cokali a hannun hagu, miya na ɗiga a gaban riga, yana kallo ba yadda zai yi.

'Yan dubiya suka ƙara masa. Wani maƙwabci, direba, ya zo da baƙin man shafawa a cikin kwalba, yana buɗewa ɗakin ya game da ɗoyi. Ya lakato da yatsa, farcensa baƙi ƙirin, ya nufo ɗinkin.

"Tsaya nan!" in ji Kawu. "In yatsan nan ya taɓa ni, na rantse asibiti zan koma su cire hannun gaba ɗaya."

Shagon kuwa an bar shi a hannun ƙanensu shi da mahaifiyata, Kawu Auta, wanda ya yi ta bugun ƙirji cewa ai guga ba wani abu ba ne. Ranar da muka fito daga wajen gashin ƙashi, inda ake sa shi hawa bango da yatsu yana haɗa zufa, Kawu ya ce in bi da shi ta shagon.

Daga bakin ƙofa muka tsaya. Kwanon abinci a kan teburin guga, mai ya naso a shimfiɗar. Safa a rataye jikin taga. Auta kuwa, ba ko singileti, ya cika baki da ruwa, ya fesa shi fuuu a kan farar rigar wani, ya bi da dutse.

"Auta! Yawunka kake goge wa mutane?"

"Haba Yaya, abin feshin ne ya toshe. Ai wuta tana kashe komai."

Kawu ya manta da likita, ya manta da ƙarfe, ya kai hannun dama zai fizge rigar. Ƙarar da ya saki har mai shagon kusa sai da ya leƙo. Ya zube a kan tulin kayan da ba a wanke ba. Da ya ankara da abin da ya zauna a kai, ya ce da ni cikin raunin murya, "Ɗaga ni, 'yar nan. Ɗaga ni kafin in yi amai."

Allah ya kiyaye, gaɓar ba ta goce ba, amma ya sha faɗa wajen likita. A ranar ya sa aka garƙame shagon. Ni da Inna muka sake wanke komai, yana zaune a kujera yana sa mu maimaita ɗauraya. Shimfiɗar teburin kuwa cewa ya yi a ƙone ta.

Sai da ya daɗe kafin hannun ya kai tsayin kai. An hana shi dutsen gawayi har abada, ya sayi ɗan marar nauyi na lantarki, ya rage tsayin tebur, ya buɗe shago yana karɓar kaya kaɗan-kaɗan.

Wani tsohon kwastomansa ya zo karɓar riguna, aka ce ya dawo gobe. Mutumin ya ce, "Ina Auta ne? Shi fa nan take yake sallamar mutum."

Kawu ya gaya masa dalla-dalla da me Auta yake jiƙa kaya. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, ai ruwa ruwa ne."

Kawu ya tattara rigunan da hannun hagu, ya miƙa masa ba guga, ya kwatanta masa gidan Auta.