Kuncin Hafsa Ya Kai Mu Safana

Ƙarar cokali ce ta fara komai. Ina kicin ranar Litinin da safe na ji ya faɗi cikin kwanon silba. Da na leƙo, ga Hafsa, 'yata mai shekara shida, zaune gaban koko tana hawaye, bakin ya ƙi buɗuwa. Kwana huɗu ke nan kuncinta na hagu a kumbure. Inna, surukata, ta ce hangum ne, ita ce ma ke ɓamɓaro gidan zanzaro daga bango, ta kwaɓa da ruwa ta shafa mata safe da yamma. Amma ranar kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa, jikin kuma zafi rau.

Yayana Kabiru ya karanta aikin haƙori a Indiya, yana aiki a Safana. Da Malam, maigidana, ya kwatanta masa a waya, cewa ya yi kawai, "Ku kawo ta gobe, motar farko."

Batsari

Mun yi Asuba, Malam ya kai mu tasha ƙarfe shida da kwata. Golf ce, ta cika tun shida da rabi, amma direba ya ƙi tashi.

"Malam direba, yarinya ba lafiya," na ce.

"Hajiya, na gan ta. Sai mota ta fito daga can ta ce mana hanya lafiya. Ni ma 'ya'ya gare ni."

Bakwai da minti goma wata a-kori-kura ta shigo, mai ita ya ɗaga hannu. Muka yi bismillah.

Hanyar Runka

Kamar kilomita hamsin ne tsakanin garuruwan biyu. Shinge biyu muka wuce, na sojoji da na 'yan sintiri. Daga nan sai gonakin dawa, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye. Direba ya kashe rediyo. Mun yi minti goma sha biyar ba mu haɗu da ko keke ba, sai ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Lafiya?" in ji wani dattijo a gaba.

"Baba, shirun ya yi yawa."

Hafsa tana kan cinyata, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar, miyau na zuba a hijabina. Na rasa wanne zan fi jin tsoro, dajin ko wuyanta. Hasbunallahu kawai nake maimaitawa. Minti ashirin muna nan, sannan wani mai babur ya ɓullo da buhun gyaɗa, ya ce motar itace ce ta faɗi ta tare hanya, yanzu aka janye ta. Dattijon ya yi dariya har da tari.

Safana

Tara da rabi muka sauka, ɗan acaɓa ya kai mu wurin Yaya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya sa auduga ya wanke lakar tas, ya haska bakin da tocila.

"Rabi, wa ya duba cikin bakin nan?"

"Ba kowa, Yaya. Kunci muka gani."

"Haƙori ne ya ruɓe, ya tara mugunya. Da kin ƙara kwana biyu, da maƙogwaro ya toshe."

Na zauna a benci. Hafsa ta ga allura ta fara fizge-fizge, sai Yaya ya durƙusa gabanta.

"Uwata, kin san sunan wannan da Indiyanci?" Ya taɓa lafiyayyen kuncin. "In a kasuwa ne, gal suke cewa. Amma malaminmu, wani tsoho, kapol yake cewa, irin na littafi da na waƙa. Ya ce daga kapola ne, a Sanskirit, tsohon harshen da kakanninsu suka rubuta littattafan magani da shi. Ce kapol."

Ta gwada, bakin ya ɗan buɗe, Yaya ya yi abin da zai yi. Ni dai bango nake kallo. Daga baya yana wanke hannu ya ce min tsohon malamin nasu korar ɗalibi yake yi daga aji in ya faɗi ciwon kunci bai leƙa cikin baki ba. Na ji kunya ta rufe ni.

Kwana biyu muka yi a gidansa ana allurai. Matarsa Aunty Zulai ta yi ta dama kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Ranar Laraba da yamma Hafsa ta shanye kofi guda. Cire haƙorin sai bayan mako biyu.

Komawa

Alhamis ƙarfe tara muka taso, motoci huɗu a jere. Goma da kwata muna Batsari. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa Yaya da iyalinsa, da direban da ban san sunansa ba.

Mun shigo lungunmu na hango Inna a bakin zaure, Malam ya ce tun safe take wurin. Hafsa ta ja hijabina, na sunkuya.

"Umma, kar ki gaya wa Inna Kawu ya wanke maganinta. Ta sha wuya kafin ta samo shi."