Muryar Kakar Abokina Ɗan Meziko

Lokacin da nake karatun Larabci a Makka, akwai wani ɗan Meziko da muke zama benci ɗaya a aji. Da girmansa ya musulunta, kuma ba shi da yawan magana. Da Larabcinmu na 'yan koyo muke hira, inda ya ƙare mu cike da hannu. Ni na koya masa cin tuwo a unguwar Misfala, wurin wata dattijuwa Bakatsiniya mai sayar da abinci, da ta zo Hajji tun tana da ƙarfinta, ba ta koma ba. Inna muke ce mata.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je wurinta. Ta zuba mana, amma shi bai sa hannu ba, sai kallon wayarsa yake.

"Ɗana, lafiya abokin nan naka?" Inna ta tambaye ni. "Ko jawwal ɗin zai ci?" Haka ake kiran waya a Makka.

Na fassara masa. Ya yi murmushi, ya ba mu labari. Ashe tun kafin a haife shi, wasu masu binciken harsuna sun je ƙauyensu a kan duwatsu da rikoda. Suka zauna da mutane suna ɗaukar maganarsu da Nahuatl, harshen da ake yi a can tun kafin Sifaniyawa su zo. Suka rubuta kalmomi, suka ɗauki hotuna, suka kai wata jami'a aka adana. Yanzu an ɗora kaset ɗin a intanet, 'yar uwarsa ta gano akwai muryar kakarsu ta wajen uba a ciki, ta turo masa. Kakar ta rasu bai san ta ba. Harshen ma ba ya ji, domin mahaifinsa ya sha dariya a makaranta a kansa, ya rantse ba zai koya wa 'ya'yansa ba.

"Ka saurara?" na ce.

"Tun safe nake jin tsoro."

Inna ta goge hannu ta zauna. "To kunna mana, mu taya shi."

Da farko shuuu muka ji, sai zakara ya yi cara. Zakaran da aka cinye tun kafin a haife mu, ga shi yana cara a Misfala! Sannan muryar mace ta fito, siririya, ba gaggawa. Kalmominta suna ƙarewa da wani sauti kamar harshe ya ɗan zame a gefen baki. Ban taɓa jin irinsa ba, duk da harsunan da ke wucewa ta ƙofar Harami kullum.

Akwai fassarar Sifaniyanci a ƙasa, layi bayan layi. Shi yana karantawa yana mayar mini da Larabci, ni ina mayar wa Inna da Hausa. Yadda take haɗa miya take bayani. Can na ji wata kalma kamar na san ta, na ce ya maimaita wurin.

"Tomatl," in ji shi. "Daga wurinmu sunan ya fito."

"Tumatir?" Inna ta dafa ƙirji. Ta dubi kwandon da ke gefenta. "Ikon Allah! Kullum ina kiran abu da yaren matar nan ban sani ba."

Baƙon mai rikoda ya yi ƙoƙarin maimaita wata kalma, ya kasa. Matar ta fashe da dariya, doguwa, har da tari. Abokina ya rufe fuska da tafin hannunsa. Da ya iya magana ya ce haka ƙanwarsa take dariya, sak.

Inna ta ce, "Babanka na da rai?"

"Yana nan."

"Kira shi. Uwarsa ce."

Ya yi jinkiri, yana tsoron kada tsohon ya yi fushi. A can gari bai gama wayewa ba. Ya ari wayata ya kira, suka gaisa, sannan ya kara tasa a kan tawa ya kunna. Sai muka ji muryar tsoho, yana magana da wannan harshen mai zamewa a gefen baki. Ba da ɗansa yake ba. Uwarsa na magana, shi yana amsa mata.

Abokina ya ce tunda aka haife shi bai taɓa jin mahaifinsa ya furta kalma ɗaya da Nahuatl ba. Bai fahimci abin da ya ce ba, kuma wannan ba shi da fassara a ƙasa. Masu sayen abinci suka taru a ƙofa, Inna ta ɗaga musu hannu su dakata, suka tsaya har tsohon ya gama.