Jinyar Yaya Sani a Zaurenmu

Jiya ƙamshin kunun tsamiya ya taso daga maƙwabta, sai Baba ya faɗo mini a rai.

A shekarun saba'in, muna Ƙofar Gayan, yayana Sani ya faɗa shan burkutu da ƙwaya, har abokan shansa biyu suka mutu, shi kuma aka kwantar da shi a asibiti. Da aka sallamo shi daga asibiti, Baba ya rufe rumfar ɗinkinsa ya tare a zaure. Kullum da hantsi yakan riƙe masa ludayin kunu, saboda hannun Yaya na karkarwa.

Ranar da na kawo takardar samun aikin koyarwa, Baba bai ɗago ba, ya ce, "Madalla, ajiye can."

Na ce, "Baba, sai na fara sha za ka dube ni?"

Ya goge wa Yaya baki da bakin rigarsa, ya ce, "Kai ko na kau da ido kana nan. Wannan kuwa in na kau da ido, sai dai in raka shi maƙabarta."

Yaya ya warke, yau har da jikoki. Ni har Baba ya rasu bai taɓa zama da ni haka ba, kuma abin yana cina har yanzu. Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya wanke mini zuciya.