Ruwan Randa a Goshi

Cikina na fari yana wata takwas aka sa dokar kulle ta korona. A ƙauyenmu ba wani kulle aka yi ba, don babu mai hana manomi sharar gona ga damina tana tafe. Labari ne kawai yake iso mana. Yayata da ke aure a Bacirawa, can cikin birni, kullum sai ta bugo waya, wane ya rasu, wance ta rasu. A bakinta na fara jin maganar killacewa. Wai in aka same ka da zazzaɓi, mota ce za ta zo ta ɗauke ka, a rufe ka inda ko mahaifiyarka ba za ta gan ka ba.

Asibitinmu ɗaki biyu ne da baranda, sai darbejiya a bakin ƙofa. Ma'aikata uku ne, amma biyu daga birni suke zuwa, kulle ya tsare su. Malamar awo kaɗai ta rage, wata doguwar mace mai faɗa tana dariya, kowa Anti yake ce mata. Ita ke awon ciki, ita ke rigakafi, ita ke ba da magani. Ta fito da aikin ƙarƙashin darbejiya, ta ajiye bokiti mai famfo da sabulu, ta samo dogon karan dawa tana auna tazara tsakanin tabarmi. Sai kuma aka kawo mata 'yar na'urar auna zafin jiki, wadda ake saita wa mutum a goshi. Matan gari suka sa mata suna bindiga.

Talata ce ranar awo. A da sai layi ya kai bakin hanya, amma ya koma mata huɗu ko biyar. Su ma da dabararsu suke zuwa. Kafin ki fita ki tsoma tsumma a ruwan randa, ki ɗora a goshi ƙarƙashin hijabi, sai kin hango asibiti ki cire. Wai haka bindiga ba za ta kama ki ba. Ni na gama sakandare, har ma'aunin zafi na taɓa zanawa a jarrabawa. Da tsoro ya zo, karatun bai tsinana min komai ba.

Kwana shida kaina yana sarawa. Idona yana ganin wani ƙyalli-ƙyalli, silifas ya daina shiga ƙafata. Ban gaya wa kowa ba, don a zatona cutar ce ta kama ni. Inna, uwar mijina, ita ta lura da ƙafar ina tankaɗen gari.

"Ke 'yar nan, wannan ƙafa ce ko turmi? Tashi mu je."

Da hannunta ta jiƙa min tsumman.

Muka tarar da Anti da takunkumi a fuska. Ta sa muka wanke hannu, ta saita min bindigar. Na rufe ido. Sai na ji tana dariya.

"Ikon Allah. Yau ke ce kifi ta huɗu. Matan garin nan duk kun koma kifi, jikinku sanyi ƙalau."

"Zufa ce, Anti," in ji Inna.

"Zufa mai ƙamshin randa, Inna?"

Matan da ke kan tabarmi suka tuntsire, har da masu jiƙaƙƙen hijabi. Anti ta tambaye ni abin da ke damuna, na ce ba komai. Ta dubi ƙafata, ta danna ƙwaurina da babban yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta ɗaura min abin awon jini a damtse, ta matsa, ta saurara, ta sake. Daga nan ba ta ƙara dariya ba.

"Ƙanwata, kanki yana ciwo?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ja takunkumin ƙasa kaɗan don in ga bakinta. "Dube ni. Ba korona nake tambayarki ba. Babu mai killace ki. Mai killace ki ɗin ma ina ya ga mota?"

Sai na fashe da kuka, na faɗa mata komai. Ta ce jinina ne ya hau sosai, irin na masu ciki, wanda kan jawo jijjiga, a rasa uwa ko ɗa ko duka biyun. Ta yi min allura, ta ce yau ɗin nan sai babban asibiti. Ina jin haka na ɗauka killacewar ce aka sake wa suna. Inna ta ɗaure zaninta ta ce duk inda za a kai ni ƙafarta ƙafata.

Anti ba ta da halin raka mu, in ta tafi asibiti ya rufe ke nan. Ta kira wani direba da ke kai hatsi kasuwa, ta rubuta takarda biyu, ɗaya ta likita, ɗaya ta nuna wa jami'ai a shingen hanya. Aka kira maigidana daga gona, ya shigo mota da ƙasa a ƙafarsa.

Kwana uku da kwantar da ni aka sa min ruwan naƙuda. Na haifi mace, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na mage. Babu wanda ya rufe ni. Inna ce ma ta gaji da zaman benci tana ta mita.

Yanzu yarinyar tana firamare, ta fi kowa surutu a gidan. Ma'aikatan nan biyu sun dawo, an ƙaro wata sabuwar malama, an kuma sa wa asibitin sola. Ranar Talata layi ya koma bakin hanya. Anti takan ba masu cikin fari labarin wata da ta jiƙa goshi alhali ciwonta yana cikin jini. Ba ta faɗar suna, amma duk sai a waiwayo ni, ni ma in yi dariya.

Sai dai tsoron bai sake ni duka ba. Ko yaya kaina ya sara, sai in ajiye abin da nake yi in zauna. Ga shi ina da ciki na uku. Alhamis ɗin da ta wuce ya sara min da hantsi, ban jira Talata ba, na saka hijabi na tafi. Sabuwar malamar ta auna ta ce lafiya lau.

"Baiwar Allah, ba shekaranjiya kika zo ba? Kin ma karya kuwa?"

Anti ta ɗago murya daga ɗakin magani. "Ƙyale ta. Ko sau goma ta zo a auna ta."

Na miƙa ɗaya hannun na ce don Allah a gwada nan ma. Ta girgiza kai, ta ɗaura, ta matsa. Shi ma lafiya lau. Na yi hamdala, na biyo ta cikin gonakin gero a hankali, na tsaya gidan mai awara, don gaskiyar malamar ce, ban karya ba.