Muryar da Barnaba Bai Taɓa Ji Ba

A garin su Barnaba Kalanje, can bakin tafkin Malawi, tun zamanin kakanni yara maza ne ke rera siririyar murya a majami'a. Sukan tsaya a sahun gaba cikin fararen riguna, manya na baya suna dafa musu da kakkaurar murya. Sai dai abin aro ne. Ran da muryar yaro ta fashe, shi da sahun gaba sai kallo.

Barnaba ya ci zamaninsa a wannan sahu. Tsofaffin garin har yau suna cewa in ya ɗaga murya, mata masu shanyar kifi sukan saki aiki su kasa kunne. Wata Lahadi ya shiga ɗakin sa riguna ya tarar da ƙusar da yake rataye rigarsa wayam, rigar tana jikin wani yaro. Haka ake yi a lokacin: malamin waƙa ya ji muryar ta soma tsagewa, shi ke nan, ba mai ce maka uffan. Barnaba ya sulale ta ƙofar baya, ya ɓuya bayan kwalekwalen ubansa ya yi kuka har ya gaji. Daga ranar bai sake buɗe baki da waƙa ba. Ya zama masunci, ya yi aure, ya aurar, ya binne matarsa, ko a jana'izarta leɓe kawai ya motsa.

Da ƙarfinsa ya soma ja baya, sai ya roƙi a ba shi riƙon ɗakin riguna, aikin da kowa ke gudu don ba komai cikinsa sai wanki da ɗinkin maɓalli. Shi kuwa da manufarsa. In malamin waƙa ya raɗa masa cewa muryar wane ta kusa fashewa, sai ya ɗauki yaron a kwalekwale su yi nisa cikin ruwa, inda ba abokan da za su yi masa dariya. Ya bar shi ya rera waƙar da ya fi so har ya ƙoshi. In sun dawo, yaron da hannunsa zai cire rigar ya sa wa wanda zai gaje shi. Yawancinsu in sabuwar muryar ta zauna sukan dawo sahun baya.

Bana abin ya faɗo kan jikansa Limbani, ana dab da bikin Ista, shi kuma aka ba jan waƙar safiya. Yaron ya daina ihu a filin ƙwallo, kullum yana kurɓar ruwan ɗumi da zuma, wai ko muryar za ta yi masa haƙuri. Barnaba yana gani, ransa na ƙuna, don ya san wannan taurin kan, nasa ne sak. Tsoronsa kada yaron ya bar waƙa irin barin da shi ya yi.

"Shigo mu je mu gai da kifi," in ji Barnaba wata safiya.

"Na san kwalekwalen nan, Kaka. Wanda ya shiga ba ya dawowa da riga."

"To zauna. Ran Ista ka yi wa jama'a carar ɗan zakara."

Limbani ya shiga yana ƙunƙuni. A tsakiyar ruwa ya ɗauki waƙar, tana tafiya lafiya lau, da ya kai inda ake hawa sai muryar ta tsage. Ya sake gwadawa, ta sake tsagewa. Ya kifa kai a gwiwa.

"Ba mutuwa ta yi ba, abokina," in ji Barnaba. "Wata na tafe. Ka ba ta lokaci, ka koma sahun baya."

Yaron ya ɗago da jajayen idanu. "Kowa haka kake ce masa. Kai taka da ta zo, wace iri ce?"

Barnaba ya kau da kai yana kallon ruwa.

"Tun da aka haife ni ko amin ɗinka ban taɓa ji da ƙarfi ba. In sahun baya abin kirki ne, me ya hana ka?"

"Ni ai na tsufa."

"Da tsufanka aka haife ka? Na rantse in ba ka rera ba, ni ma na bari ke nan."

Tsohon ya tuna tambayar yaron: tasa muryar wace iri ce? Bai sani ba. Duk tsawon rayuwarsa makokin muryar da ta tafi yake yi, wadda ta zo kuwa ko sannu bai taɓa ce mata ba. Kunya ta kama shi, da tsoro irin na yaro. Ya ajiye filafili, ya gyara zama, ya buɗe baki.

Abin da ya fito kakkaura ne mai tsatsa, kamar an tura tsohuwar ƙofa. Limbani ya fashe da dariya, hawaye na zuba. "Kaka, ai ka kore mana kifin tafkin nan kaf!"

Barnaba ya yi masa daƙuwa, amma bai tsaya ba sai da ya kai waƙar ƙarshe.

Ran Ista Limbani ya sa wa wani ɗan ƙaramin yaro rigarsa, ya gyara masa wuya, ya je ya zauna cikin jama'a. A sahun baya kuwa, can ƙarshe, ga Barnaba tsaye yana rerawa, ya bar fili a gefensa daidai tsayuwar mutum ɗaya.